Hoton Kan Baba da Auren Inna

Ranar da Baba ya rasu, matan da suka cika tsakar gidanmu a Gidan Rumji sun san yadda za su gaishe da kowa, ban da mutum ɗaya. Sun gaishe ni, sun gaishe da Gwaggo ƙanwar Baba, sun aika wa Yaya gaisuwa a zaure. Da la'asar, bayan an dawo daga maƙabarta, motar Gazawa ta sauke Inna, mahaifiyarmu. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kayanta a hannu, ta yi sallama kamar baƙuwa, a gidan da ta yi shekara arba'in tana sharewa. 

In aka ce mata "ya haƙuri", an mayar da ita matar mamaci ke nan. In kuwa aka bari ita ta ce mana, ta zama ƴar gaisuwa kamar kowa. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta buɗe baki, ta sake rufewa, ta kama gyaran kallabi. Inna ta sauwaƙe musu. Ta wuce tabarmar baƙi kusa da randa, ta zauna, ta sunkuyar da kai.

Gwaggo ta ja ni madafa ta riƙe mini hannu.

"Ke ɗiyata, hwaɗa mini gaskiya. Takaba za ta shiga ko kuwa? Mutane na kallo."

"Ban sani ba, Gwaggo."

"Ke da kinka yi lakol, kinka yi karatun boko, ba ki sani ba, wa za shi sani? Sakakka ba ta takaba. In ko ba sakakka ba ce, mi taz zamna yi Gazawa shekara biyu?"

Na yi mata ƙarya, domin na sani, ko ince na san rabi. Rabin yana cikin jakata a wata babbar ambulan da na taho da ita daga Agiye, inda nake koyarwa. Amma kafin in kai ga ambulan, bari in faɗi wane ne Baba, don kada a tuna da shi da wannan rana kaɗai.

Baba maginin rijiya ne. Daga ƙauyukan Gidan Rumji har rugagen da ke bayan Gazawa, akwai mutanen da har yau suke shan ruwan da ya tono. Gajere ne, mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa ya yi kanta har ba ya jin zafin tukunya. In ya kai gaba goma cikin ƙasa, yakan ɗebi yashi ya ɗora a harshe, sa'an nan ya ɗaga murya ya faɗi ko kwana nawa suka rage a tarar da ruwa. Da wuya ya kuskure, in kuwa ya kuskure sai ya yi kwana biyu yana jin haushin kansa.

Yana da wata tambaya da ta ishi kowa a gidan: "Gani kay yi ko hwaɗa maka anka yi?" In ka ce masa an yi ruwa a gona, sai ya tambaye ka. In ka ce wane ya yi sata, sai ya tambaye ka. Ni da nake auta, mai baki, na taɓa ce masa, "Baba, ranar da anka haihe ka, gani kay yi ko hwaɗa maka anka yi?" Ya yi dariya har da tari, ya ce wannan ɗiyar sai lakol, gona ba za ta iya da ita ba.

A wata rijiya ya samu Inna. Ita ƴar makiyaya ce, yayanta, Kawu, shi ya kira Baba ya yi musu rijiya a wata shekarar fari. Kullum da rana ita ke zura masa fura a cikin guga. Baba yakan ce wata guda ya yi bai san fuskarta ba, kanta kawai yake hangowa baƙi a bakin rijiya, rana na bayanta. Da ya tarar da ruwa ya ƙi karɓar saniyar da Kawu ya ba shi, ya ce shanun sun rame, a bari su murmure. Kawu ya ce tun daga ranar ya san akwai abin da wannan Bahaushen yake nema da ya fi saniya.

Faɗansu ba ya wuce na fura. Ita ta ce Kaɗo bai san nono ba, shi ya ce ƴar daji ba ta san gero ba. Haka muka tashi muna ji. Faɗan gaske ɗaya na taɓa gani ya yi, shi ma ba da ita ba. Wani mai garka, wato lambu, da Baba yake yi wa rijiya ya rantse a kan wata ƴar gardama cewa in ƙarya yake matarsa ta saku. Baba yana cikin rami ya ji. Ya ce a jawo shi. Ya fito, ya kakkaɓe jiki, ya tattara kayan aikinsa, ya ce ba ya ba da ruwa ga mutumin da ke wasa da wannan kalma. Sai da dattawa suka bi shi har gida kafin ya koma.

Shi ya sa abin da ya faru daga baya ya girgiza mu.

Ciwon ya fara bayan kaka. Hannunsa na dama ya riƙa fizga, gefen fuska ya bi shi, ƙiftawar ido ɗaya sai ya wuce. A yini sai ya yi babu iyaka. Buta ta faɗi, ludayi ya faɗi. Sai mantuwa ta biyo baya: ya ci abinci, a ɗauke kwano, ya tambayi me ya sa ake barinsa da yunwa. Sai kuma fushi, a bakin mutumin da ko akuya ba ya yi wa tsawa. Gwaggo ta ce iskokin rijiya ne, shekara da shekaru yana tone musu gida, yanzu sun zo ramuwa. An yi rubutu, an yi hayaƙi. Yaya, wanda shi ne ɗan fari kuma shi ke zaune da su, ya kai shi Maradi aka sa shi a sikana, na'urar ɗaukar hoton cikin kai. Hoto ya fito, aka ce ba a ga komai ba. Yaya ya dawo da wannan hoto yana nuna wa duk wanda ya fara gunagunin hauka.

Ba na nan ranar sakin, an faɗa mini ne. Bayan azahar Inna ta kawo masa fura. Ya duba ƙwarya, ya ce ta zuba masa wani abu a ciki, ita ke kashe masa hannu. Ta yi dariya, ta ɗauka tsohon faɗansu ne. Ya miƙe, a gaban Yaya da maƙwabta biyu, ya ce ya sake ta, saki uku.  Inna ba ta gardama a gaban mutane, kuma ba ta iya roƙon Yaya ya sa baki, don kunyar ɗan fari ko ido ba ta haɗawa da shi. Ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta. Aka je wa liman da labarin yadda ya faru, maƙwabta suka ba da shaida, Yaya ya ce lafiyar hankalinsa ƙalau, ga hoton likita ma. Liman ya ce to saki ya auku. Washegari Kawu ya zo ya tafi da ita gidansa a Gazawa.

Wata biyu bayan haka Baba ya faɗi yana farfaɗiya a ƙofar masallaci. A wannan karon ni na ɗauki hutu na tsaya. Wata likita a Maradi ta sa na kwatanta mata fizgar hannun, ta sa na sake kwatantawa, sa'an nan ta ce akwai wani hoto da ya fi na farko gani, IRM sunansa, mu tafi Yamai.

A hanya Baba ya yi ta faɗa da direba, ya yi ta ƙoƙarin buɗe ƙofa. Na tsorata da yadda za a yi ya kwanta shiru a cikin na'urar, don an ce in ya motsa hoton ya ɓaci, kuma sai mu jira wani mako. Wani dogon rami ne fari, matsattse, ana tura mutum ciki a kwance, yana ƙara kamar maƙera. Na ga manyan mutane sun fito suna rawar jiki. Da aka tura Baba, sai ya kai hannu ya shafa bangon ramin, ya lumshe ido, ya kwanta lamo har aka gama. Rabon da in gan shi cikin natsuwa haka tun kafin kaka.

Likitan da ya karanta hoton ya ɗora shi a jikin wani allo mai haske. Ya nuna mini wurare biyu can ciki, dama da hagu, daidai saitin kunnuwa, sun yi fari-fari alhali kewayensu toka-toka ne.

"Kumburi ne," in ji shi. "Wurin nan ne mutum yake ajiye abin da ya faru da shi yau da jiya. Sojojin jiki da ke yaƙar cuta su ne suka ruɗe, suka juya suna yaƙar ƙwaƙwalwarsa. Za mu ɗebi ruwan bayansa a gwada don mu tabbatar, amma ba za mu jira ba, magani za mu fara."

"To me ya sa hoton Maradi bai gani ba?"

"Wancan yana ganin ƙashi da jini da babban ƙari. Wannan yana ganin ruwan da ya taru a cikin nama. Ba wanda ya yi kuskure, kowane da abin da yake gani."

Sai na yi masa tambayar da ke raina. Na ce wata biyu da suka wuce Baba ya faɗi wata magana mai nauyi, shin a cikin hankalinsa ya faɗe ta?

Ya ce, "Hoto ba ya nuna magana, malama. Abin da zan iya ce miki, tun ranar da hannun nan ya fara fizga ciwon yana ciki. Mai wannan ciwo yana iya yin salla daidai, ya gaishe ki daidai, don waɗannan tsofaffin abubuwa ne, wani wuri aka ajiye su. Amma zargi da fushi suna zo masa waɗanda ba nasa ba, kuma bayan ɗan lokaci bai san ya yi ba."

An yi masa ƙarin ruwa da magani na kwana biyar, aka bi da ƙwayoyi. Fizgar ta ragu, ta ɗauke. Gwajin ruwan baya ya dawo daga waje bayan makonni, ya gaskata likita. Baba ya dawo mana, ba duka ba, amma ya dawo. Watannin ciwon ne suka ɓace masa ƙaf, kamar ba a yi su ba.

Da muka shiga gida ya duba madafa, ya duba ɗaki.

"Ina uwarku?"

 Gwaggo ce ta faɗa masa. Na ga mutumin da ƙasa ta taɓa rufto masa har wuya bai yi kuka ba, ya zauna a kan turmi yana hawaye. Da ya natsu ya kira Yaya.

"Kai kana nan?"

"Ina nan, Baba."

"Na yi salla rannan?"

"Ka yi."

"Raka'a huɗu?"

"Huɗu."

"To wanda ya san huɗu ya san ukku."

Na ɗauko ambulan, na ɗaga masa hoton a rana, na nuna masa fari-farin, na maimaita duk abin da likita ya ce. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce ya ga fari, amma ina ne a ciki aka nuna bai faɗa ba? Mutum uku sun ji da kunnensu, shi kuma ba zai yi wa Allah wayo da takarda ba. Na ce to a kai wa liman ya sake dubawa. Nan Yaya ya tashi mini.

"Kina so a tsaya gaban jama'a a ce ubanmu ya haukace? Ga hoton da ya ce lahiya lau yake. Ke kina Agiye, ni nike nan ina jin abin da ake hwaɗi a kasuwa. Ɗiyana mata huɗu, wa za shi ɗauki jikar mahaukaci?"

"Ba hauka ba ne, Yaya, kumburi ne."

"Je ki hwaɗa ma kasuwa hakanan."

Baba ya ɗaga hannu muka yi shiru. Ya dube ni ya ce, "Auta, kada ki kai kaina gaban mutane. Ban yarda ba." Na ce to. Wannan "to" ita ce abin da na fi nadama a rayuwata. Ni mai bakin da ke mayar masa da magana tun ina ƙarama, ranar da bakin zai yi amfani sai na yi ladabi. Na mayar da hoton cikin ambulan, na kai shi Agiye, na sa a ƙarƙashin akwati.

Wani ya kawo shawarar a yi wa Inna auren kisan wuta don ta dawo. Baba ya kore shi daga zaure, Inna ma da ta ji ta ce Allah ya sawwaƙe. Sai Baba ya ɓullo da wata dabara tasa. Duk wata sai ya hau mota ya sauka wurina a Agiye, washegari ya wuce Gazawa, wai zai duba rijiyar Kawu ko bango ya fara zubewa. Rijiyar nan lafiyarta ƙalau, kowa ya sani. Yakan zauna a bakinta tun hantsi har azahar. Matar Kawu ta kawo masa fura, ya ɗanɗana ya san wadda ta dama. Ya aika a gaishe da mutanen gida, a dawo masa da amsa suna amsawa. Bai taɓa shiga ba, ita ma ba ta taɓa fitowa ba. In ya dawo ta wurina nakan tsokane shi, "Baba, ya rijiya?" Sai ya ce tana nan, ta ɗan rame.

Shekara biyu aka yi haka. Ciwon ƙirji na kwana huɗu ya ɗauke shi da hantsi, Yaya na riƙe da kansa.

Kwana biyu Inna ta yi a tabarmar baƙi. Ba ta shiga ɗakinsa ba, ba ta cire ƴan kunne ba, ba ta kuma koma Gazawa ba. Mata suna zuwa suna ratse ta, su gaishe ta da "sannu Inna" irin ta kowace rana. Ran sadakar uku Kawu ya ce bayan addu'a zai tafi da ita. Na san in ta shiga motar nan magana ta ƙare har abada.

Da aka shafa fatiha jama'a suka ragu, na yafa mayafi na tsaya a ƙofar zaure da ambulan.  Akwai liman, da Yaya, da Kawu, da maƙwabtan nan biyu.

"Malam, a gafarce ni, ina da magana."

Yaya ya ce, "Koma ciki."

"Wanda ya hana ni ya tahi, Yaya. Kai ba ka hana ni."

Liman ya ce in shigo. Na durƙusa na miƙa masa hoton, na faɗi abin da likita ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba, har da cewa hoto ba ya nuna magana. Ya ɗaga shi saitin ƙofa, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Ɗiyata, ni ban iya karatun wanga abu ba," ya ce. "Amma ya tuna mini da tambayar da ban yi ba wancan karo. Na tambayi abin da yah hwaɗa. Ban tambayi abin da yay yi bayan nan ba." Ya juya ga Yaya. "Kai kana tare da shi har marece. Tsakaninka da Allah, kuma ubanka na kwance kwana ukku. Bayan ya hwaɗi maganar, mi yay yi?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ina jin kukan tantabaru a kan katanga. Kawu ya ajiye sandarsa a ƙasa. Liman bai maimaita ba, ya dai zuba masa ido.

"Ya yi azahar," in ji Yaya, murya can ƙasa.

"Ka ce kahin nan ya yi ta."

"Ya sake yi. Ya sallame, ya zamna kaɗan, ya tashi ya sake. Sau ukku. Na ce mishi ya yi, ya ce ƙarya nike." Ya rufe fuska da hannun riga. "Sannan ya ga tana ɗaure kaya, ya tambaye ni wa ya rasu a Gazawa da za ta tahi. Ya ce in ce mata ta gaishe mishi da su."

Ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce shi lokacin ya riga ya tafi gida, bai san da wannan ba. Liman ya tambayi Yaya me ya sa bai faɗa ba tun farko. Yaya ya ce bai iya ba. Ya ce ya gwammace a ce ubansa ya yi zalunci da a ce ya zare, ya ɗauka zai iya kare shi, daga baya kuma kunya ta hana shi komawa. Ina jin haushinsa shekara biyu, amma a lokacin tausayi ya ba ni, don ni ma na san yadda shiru yake daɗa nauyi kullum.

Liman ya mayar da hoton cikin ambulan da hannu biyu. Ya ce wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da abin da ya furta, sakin nan bai auku ba tun farko. Matarsa ce jiya, matarsa ce ranar da ya cika. Takabarta ta fara tun kwana uku da suka wuce, a ɗakinta za ta yi. Ya ce shi ma yana neman gafarar Allah a kan gaggawar da ya yi.

Ni aka aika in faɗa mata. Na tsallake matan da ke tsakar gida, na durƙusa a gabanta, na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Gwaggo ta fashe da kuka. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta rarrafo ta kama hannun Inna ta ce, "Ya haƙuri, ya haƙurin rashi," sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya. Inna kuwa ni take kallo.

"Tun yaushe na koma matarsa?"

"Ba ki taɓa hita ba, Inna. Malam ya ce babu sakin tun rannan."

"Duk shekara biyun?"

"Duka."

Ta kai hannu ta cire ƴan kunnenta a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ta sa mini a tafi. Ta miƙe, ta ɗauki ƙullin kayanta, ta nufi ɗaki. A bakin ƙofa ta tsaya, ta juyo.

"To shi fa," ta ce, "wa zai faɗa masa?"

Har yau ban samu amsar wannan tambaya ba. Baba ya tafi yana ganin shi ya kori matarsa da bakinsa, alhali abin da zai wanke shi yana ƙarƙashin akwatina. Ya Allah ka yafe masa, ka yalwata masa makwanci, ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da bayinka da dabbobinsu. Abin da muka kasa faɗa masa yana raye, ya Ubangiji, kai ka sanar da shi.